Yadda Ake Haƙo Sandar Dutse Don Gano Zafin Ƙarƙashin Ƙasa a Yankin Duwatsu Masu Aman Wuta

Duk wanda ya taɓa jan ruwa da asubar hunturu a Zariya ya san wannan. Sanyi yana yankan kunne, yatsu sun ƙage a jikin igiya, amma da guga ya iso bakin rijiya sai ka ga tururi na tashi a kansa, ka tsoma hannu ka ji ɗumi. Ƙanena, wanda ya daɗe yana bin motar haƙa bohol tsakanin Samaru, Shika da Giwa, ya taɓa tare ni da tambaya a irin wannan safiya.

"Yaya, wai wannan ɗumin ne ka ce mutanen Kenya suna yin lantarki da shi?"

Na ce masa a'a. Ruwan rijiya bai ƙara zafi ba, iskar waje ce ta yi sanyi. Daga zurfin mita 15 zuwa 20 ƙasa ba ta san bazara ba, ba ta san hunturu ba, zafinta ɗaya ne duk shekara. Wanda ake nema yana can ƙasa da nan sosai. A yawancin wurare, duk kilomita ɗaya da ka nutsa zafi yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Dutsen da muke zaune a kansa a nan, irin na Kufena, ya haura shekara miliyan 500, ya huce tun tuni. Kafin ka sami digiri 150 a ƙarƙashin Zariya sai ka haƙa kilomita 4 ko fiye, kuɗin da babu mai zuba shi. Amma inda narkakken dutse ya taso kusa da sama, ana iya samun fiye da haka a kilomita ɗaya ko biyu. Shi ne arzikin Olkaria da ke kusa da tafkin Naivasha a Kenya, inda aka kunna injin farko mai megawat 15 a 1981, yau kuma tururin ƙasa ke ba Kenya wajen kashi 40 cikin 100 na lantarkinta. Italiya ta riga kowa: a Larderello aka fara kunna ƙwan lantarki da tururin ƙasa tun 1904.

Abu uku ake nema, kuma kamar duwatsun murhu suke, tukunya ba ta zama a kan biyu: zafi, da ruwa, da tsagogin da ruwan zai bi ya ɗauko zafin. Duk awon da za a yi daga sama hasashe ne. Abin da ke raba gardama shi ne a huda ƙasa a fito da dutsen kansa, a tsaye kamar taɓarya, a jere yadda Allah Ya shimfiɗa shi. Wannan ce nake kira sandar dutse.

Kada a haɗa wannan da haƙan bohol. Motar bohol guduma ce da iska, tana niƙe dutse ta feso shi sama gari da tsakuwa. Kamar a miƙa maka garin dawa ne a ce ka faɗi siffar zangarniyar. Ba za ka ga tsaga ba, ba za ka san abin da ya cika ta ba, sannan garin mita 200 ya cuɗanya da wanda ya zubo daga mita 150.

Kafin mota ta tashi

Mataki na farko a kan teburi ake yin sa. Ka nemi taswirar duwatsun yankin da bayanan awon maganaɗisu da aka yi ta jirgin sama, Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, NGSA, tana da su. Amfaninsu shi ne dutse yana rasa ƙarfin maganaɗisunsa idan zafi ya kai wajen digiri 580, don haka ana iya ƙiyasta zurfin da wannan zafi yake. Inda ya matso sama, sai a sa alama.

A ƙasar nan idanu sun fi karkata ga tudun Biu a Borno, inda tafkin Tila yake zaune cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, da tudun Jos wajen Panyam da Kerang, da kwarin Binuwai. Akwai kuma maɓuɓɓugai masu ɗumi: Wikki a Yankari wajen digiri 31, Ikogosi a Ekiti wajen 37, Rafin Rewa a ƙasar Lere nan jiharmu wajen 42, sai Akiri a Nasarawa da Ruwan Zafi a Lamurde ta Adamawa da suka ɗan haura 50. Malaman sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi aiki a kan waɗannan, musamman Farfesa Schoeneich, mutumin Folan da ya daɗe yana koyarwa a Samaru. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne. Sai dai ni ba na yarda in ruɗu da ganin tsauni mai baki. Irin aman wutar Biu da Panyam, baƙin dutse ne da ya taso daga can ƙasa da sauri, ya zuba, ya huce, ba lallai ne ya bar tukunyar narkakken dutse kusa da sama ba. Maɓuɓɓuga mai ɗumi ma sau da yawa ruwan sama ne da ya bi tsaga ya yi zurfi ya dawo, ba wata wuta a ƙarƙashinsa. Har yanzu Najeriya ba ta da tashar lantarki ta tururin ƙasa ko ɗaya, kuma ba za a san ko ta cancanci samu ba sai an huda.

Mataki na biyu, ka taka da ƙafarka. Ka bi layin tsagogin ƙasa, ka lura da inda ƙasa ta yi fari ko ja ta koma yumɓu, da inda ake jin warin farar wuta. Kowace maɓuɓɓuga ka auna zafinta a daidai idon da ruwan ke fitowa, ba a kududdufin da ya taru ba, ka ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ka toshe. Ruwan nan yana da labari. Yawan sinadarin silika da ya narke a ciki, da yadda sodiyam da fotashiyam suka daidaita, suna nuna zafin da ruwan ya baro a ƙasa ko da ya huce a hanya. Bayan haka a yi safiyo. Masu bohol sun san na'urar nan ta kafa ƙarafa da waya don neman ruwa. Ta wannan aiki yayarta ce, ana kiranta MT, tana leƙa kilomitoci. Abin da ake son gani shi ne wani shimfiɗaɗɗen yumɓu mai saurin ɗaukar lantarki, kamar murfi a kan tukunya, da dutsen da ba ya ɗauka sosai a ƙarƙashinsa. A nan ake sa ran taskar ruwan zafi.

Idan taswira da ruwa da safiyo suka nuna wuri ɗaya, nan ne za a huda. Idan suka saɓa, a ƙara bincike, don awon sama komai tsadarsa bai kama ƙafar kuɗin rami ba.

Mataki na uku takardu ne da mutane. Harkar haƙar ƙasa tana hannun gwamnatin tarayya, sai a tuntuɓi ma'aikatar ma'adinai da ta muhalli tun da wuri. Amma takardar Abuja ba ta hana a tare maka hanya. Ka je wurin mai gari da kanka, ka zauna ƙasa, ka ce, "Ranka ya daɗe, rami ɗaya za mu huda, faɗinsa bai kai bakin kwanon sha ba, ba zinariya muke nema ba." Ka nuna masa guntun sandar dutse ya riƙe. Ka daidaita da mai gona, ka ɗauki matasan garin aiki. Ka kuma tabbatar da inda za ka riƙa samun ruwa, don injin nan ba ya motsi sai da shi, dare da rana. Da rani ake shiga. Baƙar ƙasar yankin aman wuta idan ta sha ruwan sama, ko tarakta sai ta yi da gaske.

Kafa inji da bakin rami

Bakin haƙan zobe ne na ƙarfe da aka dasa wa ƙananan daimon. Yana juyawa da sauri yana cin dutse a kewaye, tsakiyar ta tsira ta shige cikin bututu. Girma uku aka fi amfani da su. PQ yana ba da sanda mai kaurin milimita 85, HQ 63.5, NQ 47.6, wato kamar rake mai ƙiba. Da babba ake farawa. Idan rami ya yi zurfi inji ya fara nishi, ko aka haɗu da wurin da ke ruftawa, sai a bar rodin da ke ciki, wato jerin bututun haƙan, ya zama kesin mai riƙe bangon rami, a zura ƙaramin girma ta cikinsa a ci gaba. Wanda ya fara da NQ don tsimi, ranar da ya maƙale zaɓinsa kaɗan ne.

Zurfin ya danganta da tambayar da ake yi. Idan saurin ƙaruwar zafi kawai ake son sani, 'yan ɗaruruwan mitoci sun isa, a yi ramuka da yawa a warwatse. Idan ana son taɓa taskar kanta, sai siririn rami na mita 1,000 zuwa 2,000. Duk da haka kuɗinsa bai kai na cikakkiyar rijiyar tururi ba, wadda guda ɗaya ke cin miliyoyin daloli.

A zuba daɓen siminti inji ya zauna daram, a haƙa ramukan tara ruwan haƙa a gefe. A huda ƙasar sama har a kai dutse mai ƙarfi, a sa kesin na ƙarfe, a ɗura siminti a bayansa tun daga ƙasa har sama, a bar shi ya kama. Ban da roba irin ta bohol, zafi zai lanƙwasa ta. Wannan siminti shi ke raba ruwan shan mutane da abin da zai taso daga ƙasa, kuma a kansa ake ɗaura makullin bakin rami, wanda masu haƙar mai ke kira BOP.

Ga dalilin makullin. A sarari ruwa yana tafasa a digiri 100, amma a zurfin mita 100 nauyin ruwan da ke samansa yana danne shi har wajen digiri 180 bai tafasa ba. Ranar da ruwan ramin ya zurare cikin tsaga, nauyin ya ragu, sai na ƙasa ya tafasa nan take, ya tunkuɗo sauran sama, tururi da taɓo su yi feshi a kan ma'aikata. Maganinsa a rufe makulli, a yi ta ɗura ruwan sanyi. Saboda haka tankin ruwa ba ya zama wayam ko da minti ɗaya, kuma kowa a wurin, har yaron da ke wanke sanda, ya san inda hannun makullin yake.

Haƙan kansa

A can ƙarshen rodi akwai bututun ciki mai tsawon mita 3, wani lokaci 1.5, shi ke karɓar sanda. Idan ya cika, famfon ruwa zai nuna, allurar ma'auni ta yi sama. Direban inji sai ya tsayar da juyi, ya ɗan ɗaga rodi, wani zobe da ke bakin bututun ya damƙe sandar ya karya ta daga gindi. Daga nan a zura ƙugiya da waya ta cikin rodi, kamar yadda ake ciro gugan da ya faɗa rijiya, ta kama kan bututun a jawo shi sama, a jefa wani wayam a ci gaba. Ba a fitar da rodi gaba ɗaya sai bakin haƙa ya cinye. Ramin mita 1,000 yana nufin a yi wannan sama da sau 330. A dutse mai tauri, in an sami mita 20 ko 30 a yini sai a gode wa Allah.

Dutsen aman wuta munafuki ne wajen haƙa. Yanzu kana cikin baƙin dutse mai tauri kamar ƙarfe, nan da taku biyu ka faɗa toka da ta daskare ko tsakuwa mai raraka da ke tsakanin malala biyu. A irin wannan wuri a koma bututu mai riɓi uku, wanda ke da kwasfa a ciki da ake buɗewa biyu, don ruɓaɓɓen dutse ya fito yadda yake. A rage gudu, a rage ruwa, a gajarta zubi. Wuraren da suka fi wuyar fitowa su ne suka fi daraja, don ta nan ruwa ke bi.

Mutum ɗaya aikinsa littafi ne kawai. Yana rubuta zafin ruwan da ke shiga da na wanda ke fitowa a kowace awa, da launinsa, da zurfin da rodi ya faɗa fanko, da inda ruwan haƙa ya daina dawowa sama. Mai bohol yana jin haushin ɓacewar ruwa. A wannan aiki kuwa albishir ne mai haɗe da haɗari: an sami buɗaɗɗiyar tsaga. A saman rami ana toshe ta da taɓon bentonayit ko siminti. A cikin taskar ba a toshewa, da ruwa zalla ake ci gaba, don kada a kashe abin da aka zo nema.

Sai iskar guba, wadda iri biyu ce. Wadda ke warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a rami da kwari, kuma idan ta yi yawa hanci yana daina jin ta gaba ɗaya. Wanda ya ce "ai warin ya tafi" mai yiwuwa lokacin ne ya fi kusa da kabari. A rataya wa kowa na'urar ƙararrawa, a kafa tsumma a kan sanda don a san inda iskar waje ta nufa, a gudu ta gefen da take busowa daga can, ba gefen da take kai gubar ba. Ɗayar kuma ba ta da wari sam, irin wadda ta tashi daga tafkin Nyos na Kamaru a watan Agustan 1986 ta kashe mutum sama da 1,700 a dare ɗaya.

Kuma ƙasa tana iya ba da mamaki. A Krafla ta ƙasar Aisland, a 2009, an nufi zurfin kilomita 4 da rabi, sai a wajen mita 2,100 bakin haƙa ya shiga narkakken dutse kai tsaye. Gutsattsarin gilashi da suka fito da ruwan haƙa su suka tona asirin.

Akwatin sanda

Nan ne aikin ke tsayawa ko ya rushe, kuma nan ne aka fi raina shi, a bar wa ƙaramin lebura.

Na taɓa yin aikin haƙo sanda da wani kamfanin neman ma'adinai. Wata rana da la'asar aka loda akwatuna a bayan a-kori-kura ba tare da an ɗaure murafu ba, direba ya faɗa wani rami, akwati uku suka kife. Yaran suka tsince guntayen suka mayar tsaf, ba wanda ya faɗa. Sai da na zo dubawa na ga jan dutse a tsakiyar baƙi, bakin karaya bai haɗu da ɗan'uwansa ba. Na kira babbansu na ce, "Malam, me ya sami akwatin nan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, ai duk mun mayar, ko ɗaya bai ɓata ba." Gaskiya ya faɗa, ba abin da ya ɓata sai jerin, jerin kuwa shi aka kashe kuɗi a kai. Mita 12 suka tashi a banza. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ga yadda ake yi. A zaro sanda a hankali a kan kwararo mai siffar V, ban da bugun bututu da guduma. A wanke da ruwa da soso mai laushi, amma inda yumɓu ne a bar shi, wanki zai tafi da shaida. A haɗa guntaye baki da baki kamar mai gyaran fasasshiyar ƙwarya. Tun ran gini ran zane: kafin a ɗaga ko guda, a ja layi biyu a jere a tsawon sandar, ja da baƙi, jan yana dama idan saman sandar yana kallon sama. Ko guntu ya faɗi, layin zai nuna kansa da gindinsa. A jera a akwati daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, kamar karatun boko. Ƙarshen kowane zubi a sa ɗan katako da aka rubuta zurfin a jiki. Inda aka rasa sanda a sa katako mai faɗin adadin da ya ɓace, kada a matso da sauran don akwati ya yi kyau. A rubuta sunan rami da lambar akwati da zurfin farko da na ƙarshe a murfi da kuma a gefe, da fenti, don rana tana cinye tawada.

Lissafi biyu ake yi nan take. An haƙa mita 3, sandar da ta fito mita 2.7, an samu kashi 90 cikin 100 ke nan. Sannan a tara tsawon guntayen da suka kai santimita 10 ko fiye, a raba da tsawon zubin, wannan shi ne RQD, ma'aunin yadda dutse ya farfashe. Karayar da inji ya yi ba ta shiga lissafi, ana gane ta da sabon baki mai kaifi mara tsatsa, sai a sa mata alama. A ɗauki hoton kowane akwati a jiƙe, da ma'auni a gefe, a inuwa. Guntayen da za a auna wa ruwa da ɗaukar zafi a naɗe su da leda a tsoma a narkakken kakin kyandir tun ba su bushe ba.

A tanadi wurin ajiya tun farko. Mita ɗaya ta HQ ta kusa kilo 9, ramin mita 1,000 ya kusa tan 9 ke nan, akwati 250 idan kowanne yana cin mita 4. Akwatin katako kuma a ƙasarmu abincin gara ne.

Karanta dutsen

Da tabarau na hannu da ɗan ƙarfe da kwalbar asid mai rauni ake farawa. Mita bayan mita a rubuta irin dutsen, launinsa, yawan tsagoginsa, karkatarsu, da ko a buɗe suke ko sun cike. A ɗiga asid a farar jijiya. Idan ta yi kumfa, kalsayit ce, dangin farar ƙasa. Idan ba ta yi ba kuma ƙarfe bai karce ta ba, ƙanƙarar dutse ce. Kalsayit mai siffar siraran ruwan wuƙa da suka sarƙe alama ce ruwa ya taɓa tafasa a wurin.

Ruwan zafi yana dafa dutse ya canza shi, kuma kowane zafi da irin abin da yake haifarwa. Ƙasa da digiri 180 ko kusa da haka, yumɓu mai kumbura ne, simektayit, shi ne murfin nan da safiyo ya gani. Da aka haura 200 sai ilayit da kulorayit mai kore-kore su karɓe. Efidot, mai launin kore da ya ja zuwa rawaya, ba ya fitowa sai zafi ya kai wajen 240. Ranar da masanin duwatsu ya fara ganin sa a tsaga, za ka ga fara'a a fuskarsa.

Sauran aikin na ɗakin gwaji ne, kuma a nan Zariya take da abin cewa. Ana yanka dutse a goge shi har ya koma kaurin milimita 0.03, haske ya ratsa shi, a duba a madubin ƙara girma. Ana tantance yumɓu da hasken eksire. Ana ɗumama ƙwayar ƙanƙarar dutse mai ɗigon ruwa da ya maƙale a cikinta, a ga zafin da kumfar cikin ke ɓacewa, shi ne kusan zafin da ta ƙulla. Cibiyar binciken makamashi ta CERT da ke jami'a tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, wanda ake auna yuraniyam da toriyam da fotashiyam na cikin dutse da shi. Wannan yana da muhimmanci a gare mu, don giranit irin na tudun Jos yana haifar da ɗan zafi da kansa daga waɗannan sinadarai.

Amma a kula: dutse tarihi yake bayarwa. Efidot yana cewa an taɓa yin digiri 240 a nan, bai ce yau ba. Toka ma shaidar wuta ce. Sai an gwama da zafin ramin na yanzu. Idan sun yi daidai, tukunya tana kan wuta. Idan dutse ya ce 240 ma'auni ya ce 90, an zo bayan an tashi daga biki.

Auna zafin ramin

Wata da watanni kana ɗura wa rami ruwan sanyi, don haka zafin da za ka auna ranar da aka gama ƙarya ne. A ramin awon zafi, a zura siririn bututun ƙarfe mai toshasshen gindi har ƙasa, a cika shi da ruwa, a kulle. A auna bayan kwana ɗaya, bayan mako, bayan wata, a yi ta komawa har awo biyu a jere su daina bambanta. Ana sauke na'urar a hankali, ana karantawa tun a hanyar sauka kafin ruwan ya motsu, a tsaya a kowace mita 5 ko 10. Na saman nan da rana da damina ke taɓawa a watsar da shi. Mai kuɗin aikin zai yi ta waya yana neman lamba, a ba shi haƙuri.

A zana zafi da zurfi a takarda, siffar layin ita ce magana. Layin da ke karkata a miƙe yana nufin zafi yana ratsa dutse ne kawai, babu ruwa mai yawo. Inda layin ya tsaya cak, mita ɗaruruwa zafi bai canza ba, ruwa ne ke juyawa a cikin tsagogi, taska ke nan in zafin ya kai. Inda kuwa ya hau sannan ya dawo baya, an ratsa harshen ruwan zafi ne da ke gudu a kwance, tushensa yana wani gefe, sai a bi shi da rami na gaba.

Ga misalin lissafi. A ce a mita 100 an sami digiri 31, a mita 500 an sami 55. Bambancin 24 ne a mita 400, wato digiri 60 a kilomita. A ninka da ƙarfin ɗaukar zafi na dutsen, wanda aka auna a guntayen nan na cikin kaki. Baƙin dutsen aman wuta yakan ba da wajen 2, giranit wajen 3. Da 2, an sami miliwat 120 na zafin da ke tasowa a kowace murabba'in mita, alhali matsakaicin kan tudu, ban da ƙasan teku, wajen 65 ne. Ba a tsallake wannan ninkawa, don yumɓu da laka suna riƙe zafi kamar bargo, sai su nuna hauhawa mai daɗin gani a wurin da ba wani zafin kirki. Kuma kada a ɗauki rula a ja layin mita 500 har kilomita 3 a ce ga abin da ke can.

Idan siririn ramin ya kai taska, a yi masa gwajin ruwa: a ɗura adadi sananne a ga yadda matsi ke hawa da sauka. Ramin da ke shanye ruwa ba ƙoshi, tsagoginsa a buɗe suke.

Daga nan sai hukunci. Sama da digiri 180, tururin kansa zai juya inji. Tsakanin 100 da 180 ana bi ta wani ruwa na daban mai saurin tafasa, ruwan ƙasa ya ɗumama shi, shi kuma ya juya injin. Ƙasa da haka ma ba asara ba ce. A Eburru ta Kenya manoma sun daɗe suna busar da amfanin gona da tururin ƙasa, suna kuma tara shi ya zama ruwan sha, wata gonar furanni a Naivasha kuma ta yi amfani da shi wajen ɗumama rumfunanta. Wanda ya ga tumatir shanye a ƙasa a gefen titin Hunkuyi, ƙura da awaki suna bi ta kai, ya san abin da ruwa mai digiri 70 zai yi a ɗakin busarwa.

Ramin da za a ci gaba da aunawa a sa masa murfin ƙarfe da kwaɗo, a zagaye da daɓe, a rubuta lambarsa, a ɗauki ma'aunin wurin da GPS. Wanda aka gama da shi a cika shi da siminti daga ƙasa zuwa sama ta cikin bututu, ba a zuba daga baki ba, don kada ruwan gishiri na ƙasa ya hau ya ɓata rijiyoyin gari. A kwashe taɓon, a cike ramukan ruwa, a mayar wa mai gona ƙasar samansa. Sandar da za a kai gwaji a tsaga ta biyu a tsaye da zarto, rabi ya tafi, rabi ya zauna a akwatinsa, a kan kanta, nesa da ƙasa da ɗigon rufi, da kwafin littafin rami a cikin leda a akwati na farko.